Bindiga mara nauyi nake so, amma na fara runtse ido in zan ja kunama

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne, na haura shekara 50, ina da lasisin riƙe bindiga da takardar izinin farauta. Tun da na fara, da tsohuwar bindigar yayana nake fita, mai sakata, wato wadda ake ja da hannu a sa mata harsashi bayan kowane harbi, mai cin harsashin .30-06. In ka haɗa da madubinta na hangen saiti ta kai kilo 4.5, ga shi gwiwa ta fara damuna, kafin mu hau tudu biyu na yi liƙis. A farautar bara na harbi barewa ban same ta inda ya kamata ba, ta tsere da rauni, muka bi jini har dare ba mu gan ta ba. Tun daga ranar na lura duk sa'ad da zan ja kunama sai in runtse ido. Ban faɗa wa kowa ba. Yanzu na ɗan tara abin da na tara, ina son in sayi tawa, mara nauyi, kuma daidai ƙarfina. Na ga wata an rage mata kuɗi, ba ta cika kilo 3 ba, mai cin .300 Winchester Magnum. Yaya ya ce in ɗauka kada a riga ni, wai da babban harsashi ne a hannuna da barewar nan ba ta tsere ba, ƙananan kuma na yara ne. Maiɗakina ita ma hankalinta bai kwanta da ajiye bindiga a gida ba saboda yara. Me ka gani?

Mai neman shawara

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Bar bindigar nan a inda ka gan ta. Ko kyauta aka ba ka, cewa zan yi ka musanya ta da wata. Mutumin da .30-06 mai kilo 4.5 ta sa shi runtse ido, in ya koma wa .300 Magnum da ba ta cika kilo 3 ba, an gudu ne ba a tsira ba.

Ga dalili. Idan albarushi ya kama ya ingiza dalma gaba, da wannan ƙarfin yake ingiza bindigar baya, kafaɗarka ce kuma ke tare ta. Abin da ke shanye zafin haurin shi ne nauyin bindigar kanta. In harsashin bai canza ba, ka rage nauyi daga kilo 4 zuwa kilo 3, haurin ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku. Kai kuwa abu biyu za ka yi a lokaci guda, ka rage nauyi, ka kuma ƙara albarushi. Ko bayan ka ɗora mata madubi, abin da za ta sakar maka a kafaɗa zai doshi ninki biyu na wanda ka saba sha a bindigar Yaya. Nauyin nan da gwiwarka ke kuka da shi, shi ne yake rufa wa kafaɗarka asiri duk tsawon lokacin nan. Don haka in za a rage nauyi, tilas a rage harsashi tare da shi.

Runtse idon da kake ɓoyewa ba abin kunya ba ne, kuma ba rashin zuciya ba ne. Jiki ne ya koyi darasi. Ya gane cewa duk lokacin da yatsa ya matsa kunama, duka da ƙara suna biyo baya, sai ya fara kare kansa tun kafin dukan ya iso. Ido ya rufe, kafaɗa ta tura gaba, yatsa ya fizgi kunama maimakon ya matsa ta sannu a hankali. Duk wannan yana faruwa kafin dalmar ta bar bututu. Daga kafaɗa zuwa bakin bindiga kusan mita 1 ne, saboda haka in bakin ya goce da milimita 2 kacal, a nisan mita 100 harbin ya kauce da kusan santimita 20. Wurin da zuciya da huhun barewa suke, faɗinsa gaba ɗaya bai wuce hakan da yawa ba. Wato gocewar da ido ba ya ma gani ta isa ta fitar da kai daga huhu ta kai ka tumbi ko ƙafa. Ka ce bayan ranar ka lura da runtse idon. Ni ina zargin ya riga ranar, ranar ce dai ta tona shi.

Akwai hanyar da za ka tabbatar, gani ya kori ji. Ana sayar da harsashin wofi, mara albarushi, wanda aka yi don atisaye. Ku je filin gwajin harbi da wani amintacce. Ka juya baya, shi ya sa wa bindigar ko dai na gaske ko na wofin, ba tare da ka sani ba, bakinta yana kallon inda ake harbi, sannan ya ba ka wuri ka zauna ka yi saiti ka ja. Duk sa'ad da ka faɗa kan na wofin, za ka ji ƙas, babu ƙara babu hauri, amma za ka ga bakin bindigar ya duƙa ƙasa da kansa. Wannan duƙawar ita ce ta raunata barewarka. Gwajin nan shi ne kuma magani, domin in aka maimaita shi, jiki yana daina tsammanin duka a kowane ja.

Ka sani kuma wani ɓangare na firgitar daga kunne yake shigowa. Ƙarar bindigar farauta tana haura desibel 150 a ma'aunin ƙarfin sauti, alhali daga 140 ƙara guda ɗaya tana iya yi wa kunne lahanin da ba ya warkewa. In kana gwaji, ka toshe kunne da matoshi, ka kuma ɗora marufin kunne a kai, duka biyun. Mutane da yawa da suke ɗauka hauri ne ke damunsu, da sun rufe kunne da kyau sai su ga rabin matsalar ta tafi. Wataƙila mai shago ya ce maka ai akwai wani ƙarfe mai huji-huji da ake ɗaurawa a bakin Magnum ɗin ya rage hauri. Gaskiya ne yana ragewa, amma yana watso ƙarar baya da gefe, kai da na kusa da kai ku sha. Ga mai irin matsalarka wannan ba sauƙi ba ne.

Mu zo kan maganar Yaya. Yana da gaskiya a wani ɓangare. Harsashin .30-06 tun 1906 yake aiki, kuma ya ci sunansa. Shi ma .300 Winchester Magnum, wanda ya fito a 1963, yana da wurinsa, wato manyan namun daji masu nauyin ɗaruruwan kilo, ko harbi daga nesa sosai. Inda ban yarda da shi ba shi ne cewa babban harsashi yana gyara harbin da ya kauce. Dabbar da aka samu a tumbi za ta gudu, ko da wace irin dalma aka same ta. Wadda aka samu a huhu biyu da matsakaicin harsashi mai kyau ba ta yin nisa. A Suwidin da Norwe an shafe fiye da shekara 100 ana farautar barewar nan mafi girma a duniya, mai ƙaho kamar faffaɗan tafin hannu, da harsashin 6.5x55, wanda a ma'aunin Yaya na yara ne.

Kada ka yi musu da shi, kuma kada ka saya a ɓoye ya gani daga baya. Mutumin da ya yi ta ba ka aron bindigarsa ya cancanci ka gaya masa gaskiya. Ka same shi ku biyu ka ce, "Yaya, bindigarka ta fara fin ƙarfin kafaɗata, har na kama kaina ina runtse ido. Ina son wadda zan harba sau 20 a zama ɗaya ban ji komai ba. Ka raka ni mu zaɓa." Ka roƙe shi ya zama shi ne mai sa maka harsashin wofin. Idan ya ga bakin bindigar ya duƙa da idonsa, ba sai ka ƙara bayani ba. In hirar ta yi daɗi, ka ce shi ma ya zauna ka sa masa. Ba zan yi mamakin abin da za ku gani ba.

To wane harsashi? Da shi ake farawa, kafin a yi maganar sunan kamfani. Guda huɗu ne a gabanka, kuma uku daga cikinsu 'yan gida ɗaya ne. Na farko .308 Winchester, na 1952. Daga kwansonsa aka matse wuya aka fitar da .243 Winchester a 1955, da 7mm-08 Remington a 1980. Na huɗu shi ne 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fitar a 2007. In bindigogin nauyinsu ɗaya, haurin .243 kusan rabin na .30-06 ne. Na 7mm-08 da 6.5 Creedmoor yana wajen kashi biyu cikin uku. Na .308 bai yi ƙasa da na .30-06 da yawa ba, shi ya sa a bindiga mara nauyi yake iya ba mutum mamaki. Ni da zan zaɓar maka, tsakanin 7mm-08 da 6.5 Creedmoor zan tsaya, da dalma mai nauyin giram 9 ko kusa da haka. Sun ishi barewa da duk abin da ya yi girmanta, har da ɗan abin da ya fi ta, a nisan da mafi yawan mafarauta ke harbi. In ƙananan barewa ne kawai aikinka, .243 ta isa, kuma ita za ta fi saurin warkar maka da ido.

Amma kafin ka yanke, ka duba kantar masu sayar da harsashi a inda kake, domin bindigar da ba a samun cimarta ba ta da amfani komai kyanta. A nan .308 yake cin gasa. Da wuya ka je inda ake sayar da harsashin farauta ba ka same shi ba, kuma galibi ya fi sauran sauƙin kuɗi. In shi kaɗai ke samuwa ba yankewa, ɗauke shi, sai dai ka tsaya a dalma mai giram 9.7 zuwa ƙasa, kada kuma ka ɗauki bindigar da ta cika rashin nauyi. Wasu kamfanoni suna yin harsashi mai rangwamen albarushi musamman don rage hauri, ka tambaya. Ka duba doka ma, domin ƙasashe da dama sun ƙayyade mafi ƙanƙantar harsashin da za a harbi kowace dabba da shi. A Ingila da Wels, misali, ba a harbin manyan barewa da harsashin da faɗin dalmarsa bai kai inci .240 ba. Kuma dalmar farauta daban take da ta harbin takarda. Ta farauta ana yin ta ne ta buɗe in ta shiga nama, ka karanta jikin kwali kafin ka biya.

Sai nauyi. Abin da ake rubutawa a talla nauyin bindiga ne tsirara. Ka ɗora madubi mai giram 400, da zobban da ke riƙe shi, da maratayi, da harsashi 4 a ciki, kilo 2.9 ta zama 3.6 ko fiye. Wannan na biyun shi ne za ka ɗauka a kafaɗa, kuma a ganina nan ne daidai gare ka, tsakanin kilo 3.4 da 3.7 da komai da komai. Ka sauke kusan kilo 1 daga abin da ka saba, gwiwa za ta shaida, amma ba ka kai inda bindiga ke rawa a hannu ba. Wannan wani abu ne da ba a cika faɗa ba. Bindigar da ta cika sauƙin ɗauka tana da wuyar tsayarwa. Ka hau tudu kana haki, zuciya na bugawa, duk wani motsi na jikinka sai ya bayyana a madubi. Ƙasa da kilo 2.7 kuma kuɗi ne ke magana, domin a nan ake shiga ƙota ta zaren kabon da ƙarfen titaniyam, kowane giram 100 da aka cire sai ka biya shi da tsada. Wanda yake son araha ba shi da aiki a can. Maratayi mai faɗi wanda ba ya zamewa, da rage tarkacen jakar baya, za su yi wa gwiwarka abin da wannan tsadar za ta yi.

Ka yi daidai da ka tsaya a kan mai sakata. Tsarinta ya zauna tun bindigar Mauser ta 1898, sassanta kaɗan ne, ba ta cika lalacewa ba, kuma injinan zamani masu aiki da kwamfuta sun sa ko ta arahar ma tana harbi daidai. Ga wasu da za ka duba. Ruger American, wadda ta fito a 2012, nauyinta tsirara wajen kilo 2.8 ne, ana iya daidaita taurin kunamarta, kuma hannun sakatarta ba ya ɗagawa sama sosai, don haka ba ya gogar madubi. Savage Axis tana cikin mafi araha, amma in ita za ka ɗauka ka nemi Axis II, mai kunamar AccuTrigger da ake iya sassautawa, domin kunamar ta farkon tana da tauri, kuma kunama mai tauri abokiyar fizga ce. Howa 1500 ta Japan, wadda ita ce kamfanin Weatherby ke sayarwa da sunan Vanguard, ƙarfe ce mai aminci, sai dai ta fi sauran nauyi da kusan rabin kilo, abin da zai iya zama alheri in .308 ka ɗauka. Tikka T3x Lite, wadda kamfanin Sako ke ƙerawa a Finlan, ta fi su tsada, nauyinta wajen kilo 2.9, sakatarta tana tafiya sumul, kunamarta ana daidaita ta tsakanin kilo 1 da 2. In aljihu zai kai ba tare da ka cuci madubi ba, ita zan nuna maka. In ba zai kai ba, Ruger ɗin ba za ta ba ka kunya ba. Barewa ba za ta san bambancinsu ba.

Araha dai ba ta ado, kuma ya kamata ka san inda aka rage. Galibi a ƙota ne. Robar da ake yin ta da ita tana da laushi, gabanta yana iya lanƙwasawa ya taɓa bututu in ka danna ta a kan dutse ko ka ja maratayi da ƙarfi, kuma da ya taɓa, harbi ya canza wuri. Ka gwada a shago. Ka ɗauki takarda ka zagaya ta ƙarƙashin bututu, ka ja ta daga gaba zuwa baya. Ya kamata ta wuce ba ta maƙale ba. Sannan ka matse gaban ƙotar da bututun da hannu ɗaya, ka ga ko da ɗan matsi kaɗan suna haɗuwa. Abu na biyu, siririn bututu yana saurin zafi. Harbi uku na farko za su taru wuri ɗaya, na huɗu da na biyar su fara yawo. Wannan ba aibi ba ne ga mafarauci, tunda harbin farko daga bututu mai sanyi shi ne naka. Amma ka san da shi, don kada ka yi ta murɗa madubi kana bin harbin da zafi ne ya kautar da shi. Tsawon bututu kuwa, santimita 51 zuwa 56 ya wadatar ga duk harsasan da na ambata.

Kada ka sayi wadda ba ka ɗora a kafaɗa ba. Ka sa rigar da kake farauta da ita. Bayan kai da mai shago kun tabbatar babu komai a ciki, ka zaɓi wani wuri a bango inda babu mutum, ka rufe ido, ka ɗaga bindigar ka kafa ta a kafaɗa, ka kwantar da kunci a kan ƙota, sannan ka buɗe ido. In sai ka miƙa wuya gaba, ko ka ɗaga kunci sama kafin ka ga saiti, ba ta dace da jikinka ba. Yawancin bindigogi tazarar da ke tsakanin kunama da ƙarshen gindi wajen santimita 34 zuwa 35 ce, akwai kuma gajeru masu wajen 32 ga mai gajeren hannu. Wadda ta yi maka tsawo za ta zauna a kan dantse maimakon cikin kafaɗa, kuma nan hauri ya fi zafi. Ka danna robar gindin da babban yatsa. In ta yi tauri, ana sayar da mai laushi a canza, kuma ƙaramin kuɗi ne mai babban amfani. Ka nemi izini ka ja kunamar sau biyu ko uku. Abin da kake nema shi ne ta tsaya cak, ta karye lokaci guda, ba ta yi ta jan ƙafa ba. Ka taɓa makullin kariya ka ji ko yatsanka yana kai masa ba sai ka kalla ba.

Kada ka zuba duk abin da ka tara a kan bindigar kanta. Ni rabi zan ba ta. Kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye ya tafi ga madubi da zobbansa, saura ga harsashin atisaye da marufin kunne da wurin ajiya. Bindigogin araha sukan zo da madubi a haɗe, kuma sau da yawa shi ne abu mafi rauni a kwalin. Da rana tsaka ba za ka ga laifinsa ba. Da asuba da almuru, lokacin da namun daji ke fitowa, nan zai yi duhu, ko ya yi hazo a ciki, ko saitinsa ya goce bayan ɗan bugu. Madubi mai 3-9x40 ko 2-7x33, wato mai kawo abu kusa sau 3 zuwa 9 ko sau 2 zuwa 7, daga kamfanin da ke ba da garanti ya ishe ka. Manyan nan masu kawo abu kusa sau 18 ko 24 nauyi ne kawai za su mayar maka, su kuma nuna maka rawar hannunka ƙarara. Ka tabbatar tazarar da ke tsakanin ido da madubi ta kai wajen santimita 9. In ta gaza, wata rana bakin madubin zai sare ka a gira, kuma babu abin da ke dasa tsoron kunama kamar wannan.

In ka samu ta hannu, ba laifi, sau da yawa ma a nan ake dacewa. Ka zare sakata ka leƙa bututu ta baya yana kallon haske, ka ga zaren cikinsa a fili, babu tsatsa babu ramuka. Ka duba leɓen bakin, domin ɗan ɓalli a nan ya isa ya ɓata harbi. Ka duba wuyan ƙota ko akwai tsaga. Sannan mai gyaran bindiga ya auna zaman harsashi a ɗakinsa kafin ka biya, kuma a bi hanyar doka wajen mayar da takardu sunanka. In Remington 700 ce, ka duba lambarta, domin a 2014 kamfanin ya yi kiran a dawo da waɗanda aka ƙera tsakanin 2006 da 2014 masu kunamar X-Mark Pro, saboda wasu suna iya tashi ba a ja ba. Ka tambaya ko an gyara.

Maiɗakinka kuwa tana da gaskiya, kuma ba da lallashi za ka amsa mata ba. Ɗora bindiga a saman sif ko tura ta ƙarƙashin gado ba ajiya ba ce, yara sun fi kowa sanin lungunan gida. Ka sayi akwatin ƙarfe mai makulli, a kafe shi a bango, tun kafin bindigar ta shigo gidan. Mai sakata tana da wani alheri a nan, domin sakatar tana zarewa gaba ɗaya, kuma in babu ita bindigar ba ta tashi. Ka kulle bindiga babu komai a cikinta, sakata a wani wuri, harsashi a wani wurin shi ma a kulle, makulli kuma ba inda yaro zai gani ba. Ka nuna mata duk wannan da idonta, ka tambaye ta ko akwai abin da take son a ƙara. In bayan haka hankalinta bai kwanta ba, ka bincika ko doka ta yarda ka ajiye a wani wurin ajiya mai izini. Gidan nata ne kamar yadda yake naka.

Abu na ƙarshe, sabuwar bindiga ba za ta goge abin da jiki ya koya ba, sai ka zauna ka warware shi. In za ka samu ƙaramar bindiga mai cin .22, wadda kusan ba ta da hauri, ka fara da ita har ka ga kana kallon inda dalma ta faɗa ido a buɗe. A gida ka riƙa jan kunama da harsashin wofi na 'yan mintuna, bayan ka duba sau biyu cewa babu na gaske a ɗakin ma. Ka sa ido a kan gicciyen madubi, kada ya motsa har kunama ta karye. Ranar saiti ka ɗora bindigar a kan buhun yashi a mita 100, ka harba uku, ka bar bututu ya huce, ka gyara, ka sake. Ka gwada irin harsashi biyu ko uku, wanda ta fi so ka tsaya a kansa. Da ka gama saiti ka bar tebur, domin babu tebur a daji. Ka kafa takarda mai faɗin santimita 20, ka harba a zaune, a durƙushe gwargwadon yadda gwiwa ta yarda, da kuma a kan sandunan jingina. Ka yi ɗan tafiya da sauri kafin wasu harbin, ka ji yadda haki ke canza abin. Nisan da kake sa biyar cikin biyar a takardar nan, shi ne iyakarka a bana. In mita 80 ne, to mita 80 ne. Barewar da ta tsaya bayan nan, ko wadda ba ka ga abin da ke bayanta ba, ka bar ta ta wuce.